Inna, Muciyarta da Tururuwar Cikin Ludayi

Daga Allah muka zo, wurinsa za mu koma, kuma ranar Talata da hantsi Inna ta riga mu komawa. Kafin la'asar mun kai ta makwancinta, a bayan gonakin wake da ke gabas da ƙauyenmu a ƙasar Yekuwa.

Na sha zaman makoki a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin na mahaifiyata ba. Kowa ya zo sai ya yi addu'a, ya shafa, sannan ya nuna wani wuri a jikinsa. Wanzamin garinmu, wanda yanzu ya tsufa har hannunsa na rawa, ya ce, "Allah ya jiƙanta, ya yafe mata." Sai ya ture hula ya nuna kunnensa na hagu mai tsaga, ya ce, "Wannan aikinta ne." Ƙanen babanmu ya naɗe hannun riga ya nuna wuyan hannunsa da ya ɗore a karkace. Liman ya yi doguwar addu'a, ya roƙi Allah ya sa zafin zuciyarta a ma'aunin alheri, mutane suka amsa da amin suna danne dariya. A cikin gida kuwa kuka ake yi na gaske. Wata mata ta taso tun daga Magariya a kabu-kabu, ba mu ma san ta ba, ta zube a ƙofar ɗakin Inna tana cewa tsohuwar nan ta taɓa marin ta a kasuwa, kuma marin nan ne ya sa 'yarta ke raye.

Mutum ɗaya ce ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce komai ba. Surukata, uwar mai ɗakina. Ta zo a amalanke, ta sami kujera kusa da madafa ta zauna, ta ɗora hannunta na dama a cinya, da yatsanta manuni wanda ya lanƙwashe gefe tun shekaru. Shekara ashirin da 'yan kai ba ta taka gidanmu ba. Ni ma ina da nawa tabon, a goshi, daidai inda hula ke rufewa. Yatsan nan da tabon nan rana ɗaya aka yi su. Dalilin da ya sa nake wannan rubutu ke nan, don kada 'yan baya su ji labarin Inna a bakin mutane su ce masifaffiya ce kawai.

Masifar kam akwai ta, ba zan ɓoye ba. 'Yar siririya ce, gajera, babu haƙora biyu na gaba, kullum da goro a kumatu. Ba ta taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Muciyarta ta icen aduwa ce, baƙa wuluk don tsufa, da ita take tuƙa tuwo, da ita take nuna mutum, da ita take yanke hukunci. In ta shiga gida ba ta tambayar yadda yara suka kwana. Sai ta cafko yaro, ta ja fatar idonsa ƙasa ta leƙa, ta shafa gashinsa, ta danna babban yatsanta a bayan ƙafarsa ta ga ko wurin zai lotsa. Sannan ta juya kan uwar.

"Me ya ci?"

"Koko, Inna."

"Koko da me?"

In aka yi shiru, to, a shirya. Takan ce koko ruwa ne da ya hango hatsi daga nesa. Takan ce hatsi ƙarfin tafiya kawai yake ba yaro, ba ya sa masa tsoka, sai an haɗa da wake ko garin ƙuli-ƙuli ko nono, a kuma zuba masa ganye, zogale ko yakuwa ko kuka, don jininsa ya yi ja. Wata shekara manjon likita, babban ma'aikacin asibiti, ya zo garinmu da babban allo mai hotuna, ya tara mata yana bayanin abinci kashi uku, mai ba da ƙarfi, mai gina jiki, da mai kare jiki daga cuta. Inna ta bari ya gama, ta miƙe ta ce, "Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. Ni tun kafin a haife ka nake gaya musu, amma da yake ban iya zane ba sai na riƙa zana musu a jiki."

Wuyan hannun ƙanen babanmu ƙwai ne ya jawo shi. Da damina zabinsa na zuba ƙwai, yana tarawa a kwando yana kaiwa kasuwar tsallaken iyaka, alhali 'yarsa ta yaye gashinta ya koma ja, ya yi laushi, kumatunta sun kumbura har ana cewa ta yi ƙiba. Inna ta tare shi a ƙofar gida, ta ɗauke kwandon daga bayan kekensa. Ya ce ai kowa ya san yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo yake zama.

"Kai ka ci ƙwai kana yaro?" in ji Inna.

"Ko sau ɗaya."

"To wa ya koya maka satar abincin 'yarka?"

Ya ɗaga hannu zai mare ta. Muciya ta riga shi sauka. Wata guda yana cin tuwo da hagu, 'yarsa kuma tana shan kunu da ƙwai a ɗakin Inna. Kunnen wanzami ma kusan haka ne. Ta tarar ya kwantar da wani jariri mai kumburin yunwa zai tsattsaga masa ƙafafu wai ruwan ya fita. Ta kama kunnen ta murɗe sai da ya yage, ta wurga zabirarsa saman rumbu, ta sa aka ɗora uwar da ɗan a moto, wato babur, sai likitar Magariya, asibitin yankinmu.

Amma ba kowane duka ne ya haifi alheri ba, kuma wannan ma sai na faɗa. Akwai wata maƙwabciyarmu, yarinya mai tsoro, da ɗanta ya fara ramewa sai ta riƙa ɓoye shi a ɗaki duk lokacin da ta ji muryar Inna, don kada a ci mutuncinta gaban mata. Kafin a ankara yaron ya tafi. Inna ta kwana biyu ba ta sa komai a baki ba. Ba ta je ta ba da haƙuri ba, ba ta kuma sassauta ba. Ni dai har yau ina ganin da ta iya magana a hankali ko sau ɗaya a mako, da yaron nan ya yi rai.

Yanzu ga labarin tabona.

Mai ɗakina ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ƙauyensu tafiyar hantsi guda ce da amalanke. Ta haifi 'ya mace a tsakiyar damina. Inna ba ta je barka ba, ba ta je suna ba, don sanmu na noma ya taka mata ƙafa, ta kumbura har ko bakin randa ba ta iya kaiwa sai da sanda. Ni na je ranar suna da sassafe. Aka fito da jaririyar, na kalle ta da gefen ido, tunda 'yar fari ce, uba ba ya ƙura mata ido gaban mutane. Amma ko da gefen idon na gani. Fatarta ta saki, maɗigarta ta faɗa, kukanta bai fi na ɗan kyanwa ba.

Mai ɗakina ta samu ta raɗa mini ta bayan zana. Ta ce ranar da ta haihu tsofaffi suka tatsi nononta a ludayi suka jefa tururuwa a ciki, kamar yadda ake gwadawa a wurarenmu. In tururuwar ta fito, nono lafiyayye ne. In ta mutu, mugun nono ne, zai kashe jariri. Tata ta mutu. Tun ranar ake tatse nonon ana zubarwa bayan ɗaki, ana ɗura wa yarinyar madarar akuya da aka sirka da ruwan rijiya, kuma kwana huɗu ke nan tana zawo.

"Ka yi magana," ta ce. "Don Allah ka yi magana."

Da wa zan yi? Da surukata, wadda in na hango ta a hanya sai in ratse cikin gona? Na ci abincin suna, na yi godiya, na koma gida.

Na tarar da Inna da azahar a kan kujera, ta miƙe ƙafar mai ciwo, tana tuƙa tuwon masu noma.

"Yaya baƙuwar?"

"Lafiya lau."

"Tana tsotso?"

Na juya zan wuce.

"Da kai nake. Tana kama nono?"

"An ce nonon ba shi da kyau, Inna. An gwada, tururuwa ta mutu."

"Kai kuma me ka ce?"

"Me zan ce a gidan surukai?"

Ban ga tashin hannunta ba. Sai dai na ji goshina ya tsage, ga tuwo mai zafi ya manne a kan ciwon. Na faɗi kan turmi, jini ya rufe mini ido ɗaya. Ƙato da ni, mai iyali, ina birgima a tsakar gida. Ko kallona ba ta yi ba. Ta goge muciyar a zaninta, ta ce, "Tashi ka ɗaura wa sa amalanke."

A hanya ne ta gaya mini abin da ban taɓa ji ba. Na tashi ina ɗaukar kaina ɗan farinta. Ta ce, tana kallon bayan san da ke jan mu, "Kai ba na fari ba ne. Uku na binne kafin kai." Ta ce duk ukun uwar mijinta ta kawo ludayi, duk ukun tururuwa ta mutu, duk ukun ba wanda ya kai arba'in. "Nono na jiƙa mini zani, su kuma suna bushewa a gabana, ni kuma ina jin kunya. Kunya, ka ji." Da aka haife ni sai ta shige ɗaki, ta tura turmi bayan ƙofa, ta riƙe wuƙar yankan kuɓewa, ta rantse duk wadda ta shigo da ludayi sai ta farke mata ciki. Kwana bakwai babu wadda ta gwada. Ta juyo ta kalle ni, ta ce, "Nonon da ya kashe tururuwa uku, shi ka sha shekara biyu. Ga ka nan jibgege, ba ka da amfanin komai."

Mun isa da la'asar, matan suna ba su watse ba. Inna ba ta yi sallama ba. Ta ɗingisa ta ratsa tsakiyarsu, ni ina biye a baya da ƙyalle a kai, har ɗakin mai jego. Ta tarar da surukata ta rungume yarinyar tana ɗura mata madarar. Da muciya ta doke ƙwaryar, madara ta fantsama har bango.

Surukata mace ce mai jiki, kuma ba a taɓa yi mata haka a gidanta ba. Ta miƙa wa mai ɗakina yarinyar, ta ce, "Gidan wa kika shigo haka?" Suka kama juna, suka fito tsakar gida suna kokawa, tukunyar miya ta kife, mata na ihu. Surukata ta suri kujerar tsuguno ta maka wa Inna a baki. Na ga haƙora biyu sun faɗi a ƙasa. Inna ba ta ja baya ba. Ta damƙi yatsan da ake nuna ta da shi ta lanƙwasa baya, daga inda nake tsaye na ji ƙarar karyewarsa kamar an karya kara. Da ƙyar aka raba su. Maza suka cika ƙofa, wani yana cewa a kira jandarma.

Inna ta tofar da jini, ta zauna a ƙasa don ƙafar ta gaza, ta ce a kawo mata ludayi huɗu. Ban san me ya sa aka kawo ba, wataƙila tsoro. Ta sa aka zuba ruwan randa a ɗaya, madarar akuya a ɗaya, fura a ɗaya, na huɗun kuma nonon mai ɗakina. Ta ja jiki zuwa gindin katanga, ta tsinto tururuwa huɗu, ta jefa ɗaya a kowane ludayi.

"Ku matso ku gani."

Suka matso, har surukata, tana riƙe da hannunta. Tururuwar nan suka yi ta fafutuka. Ta cikin fura ta fara yin shiru, sai ta madarar akuya, sai ta nono. Ta cikin ruwa ta ɗan jima, ita ma ta daina motsi.

"To," in ji Inna. "Akuyarku ma mugun nono gare ta? Rijiyarku ma muguwa ce? Tururuwa ba kifi ba ce. Ko a me kika tsoma ta, mutuwa za ta yi."

 Sai surukata ta ce, "Haka muka tarar ana yi."

"Ni ma haka na tarar. Uku na binne."

Aka kai Inna ɗakin mai jego. Yarinyar ba ta da ƙarfin tsotso. Inna ta sa mai ɗakina a gaba, tana matsa nonon da ya yi tauri, mai ɗakina na kukan zafi, ana ɗiga wa yarinyar a baki ɗigo-ɗigo, jinin bakin Inna na sauka a kan zanin goyo. Ni ina waje na jingina da bango, na tsani kaina. Rana na gab da faɗuwa na ji Inna ta ce, "Ta kama." Washegari muka kai ta likitar Magariya. Ungozomar likita ta ce nonon farko, mai kauri mai rawaya da muke kira dakashi muke zubarwa, shi ne kariyar jariri ta farko, kuma har wata shida ko ruwa kada a ba shi, nonon ya ishe shi. Inna ta nuna ni da bakinta a kumbure, ta ce, "Gaya wa wannan, shi ne ya yi lakwal."

Yarinyar ta rayu. Tsofaffin biyu kuwa ba su ƙara gaisawa ba. Ko a biki suka haɗu, kowace sai ta juya wa 'yar'uwarta baya.

Abin da ke ci mini rai shi ne wadda ta san abincin kowane yaro a garin nan ta ƙi sanin nata. Manjo ya auna ta ya ce tansiyonta ya hau, wato hawan jini, ta rage gishiri da kanwa da dunƙulen miya. Ta ce ita ba jaririya ba ce. Mai ɗakina ta yi mata miya ba gishiri, na kai mata da kaina, ta ɗanɗana ta jefe ni da kwanon, miyar kuka har cikin aljihuna. Bara da kaka ɓarin jikinta ya shanye, na dama, hannun muciya. Har yanzu ina jin haushinta a kan wannan, Allah ya yafe mini.

'Yar nan tawa ta girma, ta yi aure a Dungas, bana kuma ta dawo gidanmu goyon cikinta na fari. Kullum Inna sai ta sa a kira ta, ta ɗora hannun hagu a kan cikin, ta ce da karkataccen bakinta, "Ba zan tafi ba sai na ji tsotsonsa." A iya sanina wannan ce magana ɗaya da ta faɗa ba ta cika ba. Ta rasu saura kwana huɗu.

Ranar Asabar da hantsi 'yata ta haihu, gida cike da masu gaisuwa, har da dangin mijinta da suka zo daga wani ƙauyen Dungas ba su koma ba. Ina zaune a rumfa cikin maza sai na ji ana taɓa zana a bayana. Mai ɗakina ce.

"Gwaggon mijinta ta aika a kawo ludayi," ta raɗa. "Ka yi magana."

Ana tsakiyar addu'a na miƙe. Ko takalmi ban sa ba. Na shiga cikin gida na ratsa mata, na biya madafa na zaro muciyar Inna daga inda aka jingine ta. Wallahi ban san me zan yi da ita ba. Ban taɓa ɗaga wa tsohuwa murya ba balle hannu, amma na riƙe ta gam na nufi ɗakin.

A bakin ƙofa na tsaya. Surukata ce zaune a dokin ƙofar, ta cika shi, ga ludayin a farfashe ƙarƙashin ƙafarta. Baƙuwar tsohuwar na tsaye gabanta, baki buɗe. Surukata ta ɗaga karkataccen yatsanta har kusa da hancin matar.

"Kin ga wannan?" ta ce. "A kan ludayi aka karya shi, kuma wadda ta karya ta yi gaskiya. Ki sake aikawa a kawo wani, ki ga in ban mai da naki haka ba."

Matar ta ja da baya. Surukata ba ta kalle ni ba, tunda har yau akwai kunya tsakaninmu. Sai ta dubi mai ɗakina, ta ce, "Gaya wa mai gidanki ya mai da muciyar nan madafa, akwai tuwon baƙi. Wancan karon sai da aka fasa masa kai. Yau kuwa da ƙafarsa ya zo."

Sai tsakar gidan ta yi tsit, daga cikin ɗakin kuma na ji ɗan sautin nan, ƙarami, na jariri yana haɗiya. Surukata ta karkata kai tana saurare, hawaye suka zubo mata, na farko tun da ta zo. Ni ma a nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba, a tsaye, gaban mata, gaban surukata, da muciya a hannu.

Ya Allah, ga Inna nan ta zo maka ba haƙora biyu. Ka san inda ta bar su. Ka yafe mata waɗanda ta daka ba da hakki ba, ka haɗa ta da ukun nan da ta binne, ka sa ta same su a ƙoshe.